James Van Der Zee, Mai Hoton Harlem

Wanda ya fito daga masallacin Malcolm Shabazz da ke titi na 116 a Harlem, ya miƙe arewa a kan babban titin Lenox, wanda tun 1987 ake kuma kiransa da sunan Malcolm X, kafin ya yi tafiyar minti goma zai iso wani jerin tsofaffin gidaje tsakanin titi na 123 da na 124. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai lamba 272. Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta ƙofarsa ba mu ɗaga kai ba. A wannan gida ne wani dattijo ya shafe fiye da shekara ashirin yana sana'ar ɗaukar hoto, daga nan kuma aka fitar da shi da matarsa da kayansu a 1969, yana da shekara 82, a shekarar da hotunansa suka cika bangon gidan adana kayan fasaha mafi girma a birnin New York. Sunansa James Van Der Zee.

Abin da ya sa na ɗauko tarihinsa shi ne yadda kyamara ta yawaita a hannun matasanmu na Bronx da Harlem da Brooklyn. Yaro yana tuƙa tasi ko kai saƙon abinci daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar kuma ka gan shi a wurin biki ko suna ko walima, ya rataya kyamarar da ya tara kuɗinta da kyar, yana durƙuso yana miƙewa. Kusan dukkansu tambaya ɗaya ce take cin ransu: shin wannan abu zai taɓa zama sana'ar da za ta riƙe gida? Van Der Zee ya yi wa kansa wannan tambayar a waɗannan titunan fiye da shekara ɗari da suka wuce, rayuwarsa kuma ta ba shi amsa iri biyu, ɗaya da ƙuruciya, ɗaya da tsufa.

An haife shi ranar 29 ga Yuni, 1886, a wani ƙaramin gari mai suna Lenox a jihar Massachusetts, cikin tsaunukan da attajiran New York suke zuwa hutun bazara. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya shida. Kafin iyayensa su koma can, sun yi aikin hidima a gidan tsohon shugaban Amurka Ulysses Grant a New York. A Lenox kuwa uban ya zama mai kula da ginin wani coci. Baƙaƙen fata 'yan kaɗan ne a garin, kuma abincin danginsa ya rataya ne a kan yi wa masu kuɗi hidima: gasa burodi, wanki da guga, da aikin otel. Amma gida ne da aka ɗauki zane da kiɗa da muhimmanci. Yaron ya tashi yana kaɗa piyano da goge irin na Turawa, yana kuma taɓa zane.

Kyamararsa ta farko bai saye ta da kuɗi ba. Yana ɗan shekara 14 ya ga talla a wata mujalla cewa duk wanda ya sayar wa wani kamfani da ƙananan ƙunshin turare za a ba shi kyamara tukuici. Ya bi gida gida har ya sayar, aka aiko masa da ita. Ba da jimawa ba ya nemi wadda ta fi ta. A shekarar 1900 ɗin nan ne kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamararsa mai suna Brownie a kan dala ɗaya, abin da ya fara kai hoto hannun talaka. Duk da haka a garin Lenox yaron yana cikin mutanen farko da suka mallaki kyamara. Babu wanda ya koya masa. Ya keɓe wani lungu mai duhu a gidansu ya mai da shi ɗakin wanke hoto, ya riƙa gwaji a kan iyayensa da 'yan uwansa da maƙwabta. A wancan zamani mai hoto sai ya iya haɗa ruwan magani da kansa, ya san daƙiƙa nawa zai bar haske ya shiga, ya kuma jure asarar duk abin da ya ɓata, domin ba a ganin sakamako sai an wanke. Wasu daga cikin hotunan da ya ɗauka a Lenox suna nan har yau, kuma mai dubawa zai ga cewa tun a lokacin ya san inda zai tsayar da mutum da inda haske zai faɗo masa.

Sai dai ko kusa bai ɗauki hoto a matsayin hanyar abinci ba. Da ya tafi New York wajen 1906, burinsa ya zama makaɗi. Ya yi sabis a ɗakin cin abinci, ya yi aikin tuƙa lif a dogayen benaye, da dare kuma ya yi kiɗa. Har ya haɗa wata ƙungiyar makaɗa ta mutum biyar mai suna Harlem Orchestra. A 1907 ya auri Kate Brown, suka tafi garin Phoebus a jihar Virginia, inda ya samu aiki a otel ɗin Chamberlin. A can ma kyamarar tana tare da shi: ya ɗauki ɗalibai da malaman makarantar Whittier da sauran mutanen gari, a lokacin da ya tashi daga aiki. Suka dawo New York a 1908, sun kuma samu 'ya mai suna Rachel. Ɗansu Emile, wanda ya biyo bayanta, ya rasu yana jariri.

Idan mai karatu ya lissafa zai ga shekara goma sha biyar ce tsakanin ranar da ya riƙe kyamara da ranar da aka fara biyansa albashi saboda ita. A duk tsawon wannan lokaci tire da lif da piyano ne suke ciyar da iyalinsa. Masu ba da tarihin shahararrun mutane sukan tsallake irin waɗannan shekaru da jimla ɗaya, kamar jira ne kawai. Ni kuwa a ganina a nan ya koyi rabin sana'ar. Mutumin da ya yi shekaru yana hidima a otel ya san yadda ake karanta fuskar baƙo, ya san wanda yake jin kunya da wanda yake son a girmama shi, ya kuma ga da idonsa yadda masu hali suke zama da yadda suke ƙawata falonsu. Duk wannan ya fito daga baya a cikin hotunansa.

A 1915 ya samu aiki a sashen ɗaukar hoto na babban kantin Gertz da ke Newark, a jihar New Jersey, tsallaken kogi daga New York. An ɗauke shi ne don aikin ɗakin duhu, wato wanke abin da wani ya ɗauka. Idan maigidan ba ya nan sai a ce ya riƙe wurin. A irin waɗannan kantuna aikin na sauri ne, a zaunar da mutum, a ƙyasta, a kira na gaba. Shi kuwa sai ya tsaya ya gyara wa mutum zama, ya juya masa fuska, ya daidaita masa wuyan riga. Ba a daɗe ba masu zuwa suka fara tambayarsa shi da kansa. Wannan ne ya nuna masa cewa akwai abin da yake da shi wanda mutane za su biya kuɗi dominsa.

Shekara ɗaya bayan haka ya dawo Harlem. Ba shi da jarin kama shago, saboda haka ya raɓa da 'yar uwarsa Jennie, wadda take da makarantar koyar da zane da kiɗa mai suna Toussaint Conservatory. A wani ɓangare na makarantar ya kafa kyamararsa, ɗalibanta da iyayensu suka zama abokan cinikinsa na farko. Aurensa da Kate ya mutu a wannan tsakanin. Tare da Gaynella Greenlee, wadda ta zama matarsa ta biyu, ya buɗe shagon kansa mai suna Guarantee Photo Studio a lamba 109, titi na 135 ta yamma. Ita ce ta riƙe ɓangaren kasuwanci, shi kuma yana bayan kyamara. Da suka sauya wa shagon suna daga baya ya koma GGG, daga sunanta aka ɗauko haruffan. Sun yi fiye da shekara hamsin tare.

Ya buɗe shago a kan gaɓa. A waɗannan shekaru ne dubban baƙaƙen fata suke barin jihohin kudu, suna gudun wariya da kisan gilla da bautar gonar auduga, suna kwararowa biranen arewa. Wasu kuma suna sauka daga Jamaika da Barbados da sauran tsibiran Karibiyan. A 1910 kusan mutum ɗaya cikin goma ne baƙar fata a tsakiyar Harlem, zuwa 1930 sun kai kusan bakwai cikin goma. Kowane ɗaya daga cikinsu ya baro uwa ko mata ko ƙanne a wani wuri, kuma ana jiran labarinsa. Mu da muka baro Kano ko Damagaram ko Kumasi ba ma bukatar a yi mana bayanin wannan. Mun san abin da ake nufi da hoton da za a aika gida, mun san yadda ake zaɓen rigar da za a sa, da gaban ginin da za a tsaya. Ga kuma yaƙi: Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Afrilun 1917, samarin Harlem suka riƙa zuwa a ɗauke su cikin kakin soja kafin su tafi, iyalansu kuma suna ɗaukar nasu don a aika musu fagen fama. Da runduna ta 369, ta sojoji baƙaƙe da suka yi suna a Faransa, ta dawo ta yi fareti daga tsakiyar birni har Harlem a Fabrairun 1919, waɗanda suka dawo da lambobin yabo a ƙirji su ma sun zauna a gaban kyamararsa.

A nan ya dace a tsaya a dubi yadda yake aiki, domin shi ne sirrin cinikinsa. Shagonsa kamar falon attajiri yake a taƙaice. Akwai labulen bango masu zane iri iri, wani na lambu, wani na murhun ɗumama ɗaki, wani na taga mai kallon wata, wasu ma shi ya zana su da hannunsa. Akwai kujeru masu sassaƙa, da tebur, da tulun furanni, da littattafai, da wayar tarho, da piyano. Mai wankin kwanuka da ke kwana a ɗaki ɗaya da mutum huɗu zai shigo ranar Lahadi cikin kwat ɗinsa guda ɗaya tak, a zaunar da shi a tsakiyar waɗannan kaya, a ɗora masa hannu a kan littafi. Van Der Zee ba ya gaggawa. Yakan yi hira da mutum har ya saki jiki, ya gane wane irin mutum yake so a gani a takardar, sa'an nan ya shiga ƙarƙashin baƙin mayafin babbar kyamararsa.

Bayan an ɗauka kuma sai aiki na biyu ya fara. Yakan zauna da negatif, wato gilashi ko filim na asali da ake wanko hoto daga jikinsa, da fensir da ƙaramar wuƙa da buroshi. Ya share tabo, ya daidaita haƙori, ya cike sanƙo, ya goge yamutsin riga. Yakan ƙara wa mace zobe ko sarƙar da ba ta sa ba, ya zana hayaƙi yana tashi daga sigarin da ba a kunna ba, wani lokaci ya shafa launi da hannu a kan furanni da kumatu. Ya kuma ƙware wajen haɗa negatif biyu a takarda ɗaya. A wani sanannen hotonsa na ango da amarya, a gefen ƙafafunsu ana ganin inuwar wata ƙaramar yarinya riƙe da 'yar tsana, alamar 'yar da suke fatan haifa. Galibin ayyukansa yakan sa musu hannu ya rubuta shekara, kamar yadda mai zane yake yi, ko da kuwa hoton na ɗan dako ne.

Wanda ya girma a garuruwanmu kafin zuwan wayar hannu zai tuna shagon mai hoto na unguwa, da labulensa mai zanen bene ko jirgin sama, da furen roba, da layin da ake yi ranar Sallah. Dabara ɗaya ce. A Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur domin masu zuwa su riƙe ko su jingina da su. Mutanen biyu sun rayu a nahiyoyi daban, amma bukatar da suka biya iri ɗaya ce.

An sha sukar Van Der Zee a kan wannan. Masu sukar suna cewa Harlem ɗin da ke cikin hotunansa ta fi ta gaskiya kyau: ba a ganin cunkoso, ba a ganin tarin fuka, ba a ganin mai gidan haya yana buga ƙofa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda yake neman waccan Harlem ɗin sai ya nemi aikin wasu. Amma ya kamata a tuna wanda yake biyansa, da kuma zamanin da ake ciki. A 1915, shekarar da ya fara aiki a Newark, aka fito da fim ɗin The Birth of a Nation, wanda ya nuna baƙar fata a matsayin dabba mai haɗari, ya kuma ɗaukaka 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan. A jaridu da tallace-tallace da katunan gaisuwa, baƙin mutum abin dariya ne mai faffaɗan baki. Matar da ta yini tana goge benen wasu, idan ta ware kuɗi daga ɗan abin da ta samu ta zo shagonsa, ba ta zo a nuna wa duniya wahalarta ba. Wannan kowa ya riga ya gani. Ta zo ne a ba ta hujjar da za ta riƙe a hannu cewa ita mutum ce mai daraja. Ban ga ƙarya a nan ba. Wanda ya yi wanka ya sa babbar riga ranar Idi bai yaudari kowa ba, ko da jiya a cikin bakin mai ya yini.

Hoton mutum ɗaya ɗaya kuwa ba shi kaɗai ya riƙe shagon ba, kuma wannan darasi ne da mai farawa yakan yi jinkirin ganewa. Kuɗin da ba ya yankewa yana wurin ƙungiyoyi. Harlem ta lokacin cike take da coci-coci, da ƙungiyoyin taimakon juna, da kulob na mata, da makarantu, da 'yan wasan ƙwallo, kowacce kuma tana son hoton shekara, kowane mamba yana son kwafinsa. Van Der Zee ya ɗauki cocin Abyssinian Baptist da limaminta Adam Clayton Powell babba, ya ɗauki wata jama'ar Yahudawa baƙaƙe a ƙofar wurin ibadarsu a 1929, ya ɗauki shagunan aski da ɗakunan shan shayi da bukukuwan aure ba iyaka. Mashahurai ma sun zo, irin su marubucin waƙoƙi Countee Cullen da ɗan rawa Bill Robinson da ɗan dambe Jack Johnson, amma labule ɗaya da kujera ɗaya ya ba su da sauran jama'a.

Babban aikin da ya samu shi ne na 1924, lokacin da ƙungiyar Marcus Garvey, UNIA, ta ɗauke shi ya zama mai hotonta. Garvey, mutumin Jamaika, ya tara mabiya masu ɗimbin yawa a kan kiran baƙar fata su dogara da kansu su kuma waiwayi Afirka, hedkwatarsa kuma tana Harlem. A wannan bazara Van Der Zee ya ɗauki hotuna dubbai: babban taron watan Agusta, da dakarun ƙungiyar cikin kaki, da matanta masu aikin jinya cikin fararen kaya, da Garvey kansa a buɗaɗɗiyar mota da hularsa mai gashin tsuntsu. Har kalanda aka buga wa mambobi. Don a gane irin aikin da hoto yake yi wa wannan tafiya, Malcolm X ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa mahaifinsa, wanda yake cikin masu yaɗa kiran Garvey, yakan tafi taro a gidajen mutane da hotunan Garvey da faretinsa, a riƙa miƙa su daga hannu zuwa hannu. A 1925 aka ɗaure Garvey, a 1927 aka kore shi daga Amurka. Yawancin abin da idon duniya yake gani a yau na wannan ƙungiya a lokacin ƙarfinta, ta kyamarar Van Der Zee yake ganinsa.

Akwai wani ɓangare na sana'arsa da zai zo mana baƙo, mu da muke gaggauta suturta mamaci da binne shi. A al'adar mutanen Harlem ta lokacin ana ɗaukar hoton gawa a cikin akwati, kewaye da furanni. Dalilin bai rasa nasaba da hijira: dangin da ke Carolina ko Jamaika ba za su iya zuwa jana'iza ba, hoton ne shaidar cewa ɗansu ya samu sutura ta mutunci a baƙon wuri. Wani jaririn ma ba a taɓa ɗaukarsa da rai ba, wannan ne kaɗai abin da zai rage wa iyayensa. Van Der Zee yakan haɗa irin waɗannan hotuna da siffofin mala'iku kamar yadda Kiristoci suke zana su, ko da rubutun addu'a. A 1927 ya ɗauki gawar mawaƙiya Florence Mills, wadda jana'izarta ta cika titunan Harlem. A wannan shekarar kuma 'yarsa Rachel ta rasu tana budurwa, shi ya ɗauki nata da hannunsa.

Karayar tattalin arziki da ta fara a 1929 ta daki Harlem fiye da sauran unguwanni, amma shagon ya tsallake. A tsakiyarta ma, a 1932, ya ɗauki hotonsa da ya fi kowanne shahara: mace da namiji cikin manyan kwat masu gashi, ita a tsaye, shi a zaune cikin wata doguwar mota ƙirar Cadillac mai sheƙi a titi na 127. Abin da ya karya kasuwarsa a hankali ya zo. Tun 1925 aka kafa a titin Broadway wani akwati mai ɗaukar hoto da kansa, mutum ya jefa rubu'in dala ya samu hoto takwas cikin 'yan mintuna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙananan kyamarori suka shiga kowane gida, a 1948 kuma Polaroid ta fito da wadda take ba da hoto nan take. Masu hali suka fara barin Harlem, ɗanɗanon mutane ya sauya, labule mai zane da kujerar sassaƙa suka zama kayan tsofaffi. Shi kuwa bai sauya salonsa ba. A lamba 272 ya koma ɗaukar hoton fasfo da na katin shaida, da gyaran tsofaffin hotuna da suka yage ko suka dushe, waɗanda ake aiko masa ta gidan waya. Ƙwarewar hannun da ta ɗaukaka shi ita ta rage masa abin cin abinci, amma da kyar. Matashin da yake kallon yadda wayar hannu take cinye aikin mai kyamara a yau ya san wannan tsoron.

Abu ɗaya ya yi wanda ba kowa yake yi ba: bai zubar da komai ba. Duk ƙaurar da ya yi daga shago zuwa shago, da akwatunan negatif ɗinsa yake tafiya, dubun dubata.

A ƙarshen 1967 wani mai hoto mai suna Reginald McGhee, wanda yake tattara kaya domin wani nuni da gidan adana kayan fasaha na Metropolitan yake shiryawa, ya shiga shagon, ya tarar da rabin ƙarni na rayuwar Harlem a jibge. An buɗe nunin, mai suna Harlem on My Mind, a watan Janairun 1969, kuma hotunan Van Der Zee ne suka fi na kowa yawa a cikinsa. Nunin ya jawo rigima: masu zane baƙaƙe sun yi zanga-zanga a ƙofar gidan, domin an shirya baje koli a kan Harlem ba tare da an rataya zane ko sassaƙa ko ɗaya na mutanen Harlem ba. Duk da haka jama'a sun yi tururuwa, sunan dattijon da ba a sani ba a wajen unguwarsa ya shiga jaridu. Abin da aka biya shi bai kai ya ceci gidansa daga bashin da ke kansa ba. A cikin shekarar aka fitar da su, suka koma ƙaramin ɗakin haya. Gaynella ba ta sake samun cikakkiyar lafiya ba, ta rasu a 1976.

Irin wannan ganowa ta makara ba shi kaɗai ta samu ba. A 1991, a wannan birni na New York, an nuna hotunan Seydou Keïta a wani baje koli ba tare da sunansa ba, sai daga baya aka bi sawu har Bamako aka same shi da negatif ɗinsa a adane.

Shekarun da suka biyo bayan korar sun yi wa Van Der Zee tsanani. Yana da suna, ana gayyatarsa jawabi, ana buga littattafan hotunansa, amma yana zaune cikin talauci, tarin aikinsa kuma yana hannun wata cibiya da aka kafa da sunansa, daga baya ya koma gidan adana fasaha na Studio Museum da ke Harlem. Sai da aka kai ga shari'a a kan mallakarsa. A 1978 abubuwa suka ɗan daidaita. A shekarar aka buga littafin hotunansa na jana'iza, The Harlem Book of the Dead, da gabatarwar marubuciya Toni Morrison, a shekarar kuma ya auri Donna Mussenden, wadda ya girme ta nesa ba kusa ba. Ita ta tsara masa al'amuransa, ta tsaya a kan haƙƙinsa, ta kuma sa ya koma bayan kyamara yana da shekara casa'in da 'yan kai. Aka fito da tsofaffin labule da kujeru. Muhammad Ali ya zo ya zauna, haka Miles Davis da Cicely Tyson, a 1982 kuma matashin mai zane Jean-Michel Basquiat, wanda bai wuce shekara 21 ko 22 ba.

A watan Mayun 1983 ya tafi birnin Washington domin karɓar digirin girmamawa daga Jami'ar Howard. A can ya rasu ranar 15 ga watan, saura 'yan makonni ya cika shekara 97. A 2002 hukumar gidan waya ta Amurka ta sa ɗaya daga cikin hotunansa a kan sarki. A watan Disambar 2021 gidan Metropolitan da Studio Museum da matarsa Donna suka sanar da haɗa hannu wajen adana aikinsa wuri ɗaya: hotuna kusan 20,000 da negatif kusan 30,000, tare da kayan shagonsa. Mafi yawan fuskokin da ke ciki na mutanen da suka shigo ne daga titi, suka biya kuɗinsu, suka karɓi kwafinsu, suka sa a ambulan zuwa gida.